Runduna Ko Kaɗaici: Waiwaye a Kan Masu Kwaikwayon Tarihi a Turai da Amurka

A shekarar 1967 wani tsohon hafsan sojan Birtaniya, Birgediya Peter Young, ya fitar da littafi a kan gumurzun Edgehill na 1642. Young ya yi Yaƙin Duniya na Biyu cikin sojojin ƙundumbala, daga baya ya koma koyar da tarihin yaƙi a makarantar hafsoshi ta Sandhurst. A walimar da aka shirya don tallata littafin, wasu abokansa suka fito cikin shigar dakarun Sarki Charles na Ɗaya, da faffaɗan huluna masu gashin tsuntsu da takubba a ƙugu. Abin ya ƙayatar da su ƙwarai, har suka ƙi yarda ya tsaya a walima. A 1968 aka kafa ƙungiyar Sealed Knot, wadda ta tara dubban mutane masu fita fili a ƙarshen mako suna sake buga yaƙin basasar Ingila, da dogayen masu da igwa da hayaƙin albarushi.

A tsallaken teku ma irin wannan ta riga ta faru. A watan Yulin 1961, lokacin cikar shekara 100 da soma yaƙin basasar Amurka, an sake buga gumurzun Manassas a jihar Virginia a gaban dubban 'yan kallo. Ranar 1 ga Mayun 1966 kuma wasu matasa a garin Berkeley na Kalifoniya suka yi gasar takobi a bayan wani gida, gasar da ta haifi ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda aka fi sani da SCA. Cikin shekara goma kacal, sha'awar sa tufafin mutanen da da yin irin rayuwarsu ta sami ƙungiyoyi da shugabanni da dokoki. Tun daga lokacin duk mai wannan sha'awa yake fuskantar tambaya guda: ya shiga ƙungiya ya bi dokarta, ko ya yi abinsa shi kaɗai? Amsar da ake bayarwa a 1975 ta sha bamban da ta yau, kuma dalilan sauyin sun cancanci a waiwaye su.

Mai karatun da ya saba ganin 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan Sallah zai iya ɗauka abu guda ne, amma akwai bambanci babba. A hawan Kano ko Katsina ko Zazzau, sarkin da ake kai wa jafi sarki ne na gaske, kuma baduku da maƙerin da suka yi kayan doki gadon sana'ar suka yi. A Ingila zaren ya daɗe da tsinkewa. Babu wanda kakansa ya koya masa riƙon mashin 1642, balle ɗaurin sulken Rumawa. Dole sai an tono komai daga gidan tarihi da tsofaffin zane-zane da takardun albashin sojoji da abin da masu haƙa suka ciro daga ƙasa. Shi ya sa maganar "daidai ne ko ba daidai ba ne" ta zama ruhin wannan sha'awa, kuma ita ce tushen kusan duk wata rigima da ake yi a cikinta.

Fitar farko ba ta da wannan tsanani. A Manassas an ga masu tufafin aiki da aka rina shuɗi ko ruwan toka, da takalman zamani, zafin rana kuma ya kayar da mutane da yawa. Bayan bukukuwan farkon shekarun 1960, hukumar da ke kula da filayen yaƙi na gwamnatin Amurka ta daina barin a yi kwaikwayon arangama a filayenta, kuma haka dokar take har yau. A Ingila ma shigar shekarun farko ta fi kama da ta 'yan fim fiye da ta sojan ƙarni na 17, wanda talaka ne mai kwat ɗin ulu da wandon da ya sha faci.

Waɗanda suka fara ɗaga matsayin abin, mutanen ƙauye ne. A 1972, a ƙauyukan Witcombe da Bentham na yankin Gloucestershire, an shirya bikin tarihi don tara kuɗin gina zauren taro, aka nemi wasu su fito a matsayin sojojin Rum. Biki ya watse, su kuwa ba su watse ba. Suka kira kansu Ermine Street Guard, suka ɗauri aniyar yin komai kamar yadda yake a rabin ƙarshe na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Sun zo a kan gaɓa, domin a 1964 masu haƙa sun tono wani akwati a Corbridge, kusa da Ganuwar Hadrian, cike da guntayen sulken Rumawa mai faranti-faranti. Daga waɗannan guntaye ne H. Russell Robinson na ma'ajiyar makamai ta Hasumiyar Landan ya gano yadda ake harhaɗa farantan da madaurin fata ta ciki, ya kuma fitar da littafinsa a kan sulken Rum a 1975. 'Yan ƙungiyar suka dogara ga irin wannan bincike, suka ƙera kwalkwali da garkuwa da na'urar harba kibiya, suka ɗinka tantin fatar akuya da hannu. Da aka sa sulken a jiki aka yi tafiya da shi, sai aka ga inda yake cizon kafaɗa da inda madauri yake saurin tsinkewa, abin da guntun ƙarfe a cikin gilashi ba ya nunawa. Masana suka fara sauraron su.

Wasu suka bi sahu. Ƙungiyar Regia Anglorum, wadda aka kafa a 1986 don raya zamanin Angulo-Sakson da 'yan Viking, tana da jami'in da aikinsa shi ne duba kayan kowane mamba kafin ya shiga fili: irin saƙar yadin, launin rinin, ɗinkin takalmin, siffar wuƙar. Mambobinta sun shafe shekaru suna gina babban zauren katakon oak a Wychurst da ke yankin Kent, da ƙarfin hannunsu a ranakun hutu. A Amurka kuwa, masu tsananin kwaikwayon yaƙin basasa sun kai abin wani mataki. Ɗan jarida Tony Horwitz, a littafinsa Confederates in the Attic na 1998, ya ba da labarin masu rage cin abinci don su rame kamar sojojin Kudu, masu kwana a ƙasa cikin sanyi suna manne da juna don ɗumi, masu ƙirga ɗinkin ramin maɓalli. Wanda ya zo da tabarau na zamani ko ya ɓoye akwatin ƙanƙara a tanti, laƙabin raini suke yi masa, su ce da shi "farb".

Mai kallo daga nesa zai ga kamar wahala ce kawai. Amma a wancan zamani ƙungiya ita ce makaranta, ita ce kasuwa, ita ce ɗakin karatu. Wanda yake son sanin yadda ake yanka rigar 1640 ba shi da wurin zuwa sai gun dattijon da ya taɓa samun izinin auna ta asali a gidan tarihi. Littattafai irin na Janet Arnold, wadda ta fara fitar da jerin Patterns of Fashion a 1964, hannu da hannu suke yawo, ana kwafar shafukansu ana rabawa. Maƙerin da ya iya kwalkwali da masaƙin da ke yin ulu irin na da ba su da shago a bakin titi, sai ɗan ƙungiya ne zai haɗa ka da su. Sabon shiga kuma akan ara masa kaya na shekarar farko, kafin ya tara nasa.

Akwai kuma abin da mutum ɗaya ba zai taɓa yi ba komai iliminsa. Mashin ƙarni na 17 yakan kai ƙafa 16, kuma ba shi da amfani a hannun mutum guda. Sai an jera sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, ganga na bugawa, kowa ya san lokacin ɗagawa da na saukewa, sannan ake gane dalilin da ya sa doki ke tsoron tunkarar sa. Haka bangon garkuwa na zamanin gumurzun Hastings, haka layin masu bindiga na zamanin Napoleon. A 1998, wajen cikar shekara 135 da gumurzun Gettysburg na yaƙin basasar Amurka, masu kwaikwayo fiye da 15,000 suka hallara. A 2015 a Waterloo ta ƙasar Beljiyam, kimanin mutum 5,000 da dawaki 300 da igwa 100 suka fito don cikar shekara 200. Taro irin wannan ba ya yiwuwa sai da rundunonin da suka daɗe suna atisaye tare, kowa ya san muryar kwamandansa.

Doka ma tana tura mutum ƙungiya. A Birtaniya mai riƙe albarushi sai da takardar izini daga 'yan sanda, mai bindigar da ake ɗurawa ta baki kuma sai da lasisi. Masu shirya taro ba sa barin kowa ya zare takobi a gaban jama'a sai yana ƙarƙashin inshorar da za ta biya idan aka ji wa ɗan kallo rauni, kuma mafi sauƙin hanyar samun ta ita ce katin ƙungiya. Yawancin ƙungiyoyi ba sa barin sabon shiga ya shiga arangama sai ya ci gwajin tsaro. Takobin ba shi da kaifi, amma ƙarfe ne, yana karya yatsa, yana fasa goshi. A nan tsananin shugabanni rahama ne.

Sai dai tsanani yana da inda yake ɓata hanya, kuma babu misalin da ya fi na Lauren Cook Burgess. A 1989, a wani taron tarihi a filin gumurzun Antietam na yaƙin basasar Amurka, ta fito cikin kayan soja namiji tana busa sarewar runduna. Da jami'an filin suka gane mace ce, suka ce ta cire kayan ko ta bar wurin, wai don kare gaskiyar tarihi. Ta kai ƙara, kuma a 1993 kotun tarayya ta ba ta gaskiya. Ba ta tsaya nan ba. Ta shiga bincike, ta wallafa wasiƙun Sarah Rosetta Wakeman, wadda ta yi aikin soja da sunan namiji a wata rundunar New York har ta rasu a 1864. A 2002 ita da DeAnne Blanton suka fitar da littafin They Fought Like Demons, wanda ya tattaro shaidar mata sama da 200 da suka ɓad da kama suka shiga yaƙin. Ashe waɗanda suka kore ta da sunan tarihi su ne ba su san tarihin ba.

Irin wannan giɓi ya daɗe game da baƙaƙen fata. Kimanin baƙaƙe 180,000 ne suka yi wa rundunar Arewa aikin soja, amma shekara da shekaru da wuya a gan su a filayen kwaikwayo, sai bayan fim ɗin Glory na 1989, wanda ya ba da labarin runduna ta 54 ta Massachusetts, rundunoninsu suka fara yawaita. Ƙungiyar da za ta iya kwana tana gardama a kan launin zaren maɓalli takan iya shafe shekaru ba ta ce uffan a kan bauta ba, alhali ita ce musabbabin yaƙin. Ga kuma tsadar kaya, da nisan tafiya, da siyasar shugabanci wadda ta sha raba ƙungiya gida biyu. Mutane da yawa masu ƙaunar tarihi sun leƙa, sun ga fuska a murtuke, sun juya.

Tun da can akwai masu bin tasu hanyar. A 1985 masanin tarihi Bajamushe Marcus Junkelmann ya ɗauki abokai kaɗan, suka sa cikakkun kayan sojan Rum, suka taka daga Verona ta Italiya suka ƙetare tsaunukan Alps zuwa Augsburg, tafiyar kimanin kilomita 500, don su ga abin da jiki zai iya ɗauka da yadda takalmi mai ƙusoshi ke cinyewa. SCA kuwa tun farko ta zaɓi sassauci: abin da take nema ga mai zuwa taronta shi ne ya yi ƙoƙarin sa tufafin kafin shekarar 1600, kuma da sandar gora irin ta rattan mayaƙanta suke fafatawa. Masu tsanani sun daɗe suna yi mata kallon wasan yara, amma taronta na Pennsic a jihar Pennsylvania, wanda aka fara a 1972, yakan tara kusan mutum 10,000, kuma daga cikinta aka sami ƙwararrun masaƙa da marubutan hannu da maƙera.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya shi ne intanet. Ilimin da a da yake kulle a akwatin dattijon ƙungiya ya fito fili. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ya buɗe hotunan kayansa ga kowa a 2012. A 2017 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya saki hotuna 375,000 kyauta. Yarinya a ɗakinta tana iya faɗaɗa hoton rigar 1780 har ta ga inda allura ta shiga da inda ta fita. Maƙeri a Poland ko Ukraine yana karɓar awon kai ta waya ya aiko da kwalkwali ta gidan waya. Littattafan koyon takobi na Jamusawa da Italiyawa na ƙarni na 15, waɗanda a da sai mai izinin shiga ɗakin karatu ke gani, yanzu suna tafin hannun kowa.

Daga nan aka sami wani sabon jinsi na masu kwaikwayon tarihi, waɗanda ba su da runduna kuma ba su da kwamanda. Jon Townsend, daga ƙaramin garin Pierceton na jihar Indiana, inda iyalinsa ke sayar da kayan ƙarni na 18 tun 1973, ya fara nuna girkin wancan zamani a YouTube, har mabiyansa suka haura miliyan 2. Bernadette Banner ta tara sama da miliyan guda da ɗinkin tufafin da. Zack Pinsent, wani tela a Brighton, kullum shigar farkon ƙarni na 19 yake yi, da ita yake zuwa kasuwa. Cheyney McKnight ta kafa nata aikin don ba da labarin bayi da 'yantattun baƙaƙe ta bakinsu, labarin da rundunonin soja suka daɗe suna tsallakewa. Waɗannan sun faɗaɗa fagen, suka fitar da shi daga filin daga zuwa madafa da ɗakin ɗinki da gona, suka kai shi ga miliyoyin da ba za su taɓa sayen tikitin kallon yaƙi ba.

A daidai wannan lokaci manyan rundunoni suka fara tsufa. Waɗanda suka shiga a zamanin fim ɗin Gettysburg na 1993 yanzu furfura ta cika musu kai, suna wasan sojojin da akasarinsu samari ne. Rikicin tutar Kudu bayan kisan da aka yi a wani coci a Charleston a 2015, da tarzomar Charlottesville ta 2017, ya sa garin Manassas ya soke bikinsa na yaƙin basasa a 2017. Annobar korona ta rufe filaye, har Pennsic bai ci ba a 2020 da 2021. Mai ɗinki a gida bai rasa komai ba a waɗannan shekaru, masu kallonsa ma ƙaruwa suka yi.

Duk da haka, kaɗaici yana da nasa ciwon, kuma babba ne: babu mai gyara maka. Wanda ya karanta littafi guda ya fahimce shi a karkace zai iya shekara goma yana maimaita kuskuren, mabiya suna yaba masa, domin kyamara abin da ya yi kyau take so, ba ruwanta da abin da ya inganta. Jami'in duba kaya da ake jin haushinsa a ƙofar sansani shi ne zai ce, "A ina ka ga wannan? Nuna mini." Tambayar tana da ɗaci, amma ita ce ta ɗaga wannan sha'awa daga shigar walima zuwa abin da jami'o'i ke girmamawa. Mai aiki shi kaɗai yana kuma rasa ilimin da ba a rubuta shi: yadda ake hura wuta da ƙyastu cikin ruwan sama, yadda ake ciyar da mutum 40 daga tukunya guda, yadda ake jin umarni cikin hayaƙi da ƙarar igwa.

Mafi kyawun aikin masu zaman kansu ma haɗin gwiwa ne ya haife shi. A 2019 maƙeri Tod Todeschini, mai tashar Tod's Workshop, ya so ya gwada ko kibiyar Ingilishi a gumurzun Agincourt na 1415 tana huda sulken ƙirji na barden Faransa. Bai yi shi kaɗai ba. Ya nemo Joe Gibbs, maharbin da ke jan baka mai ƙarfin fam 160, wato sama da kilo 70, irin bakunan da aka samu a jirgin Mary Rose wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982. Ya nemo mai ƙera kibau, da mai ƙera sulke, da Dakta Tobias Capwell, wanda a lokacin shi ke kula da makamai a gidan tarihi na Wallace Collection a Landan. Kibau suka daki ƙarfen suka tarwatse, ba su huda ba. Miliyoyi suka kalla. Mutanen nan ba 'yan runduna guda ba ne, amma sun yi wa juna abin da ƙungiya mai kyau take yi wa mambobinta: kowa ya kawo ƙwarewarsa, kowa ya yarda a binciki aikinsa.

Ƙungiyoyin da suka fahimci sauyin sun gyara tafiyarsu. Da yawa yanzu suna wallafa ƙa'idojin kayansu a fili tare da madogara, suna ba sabon shiga wa'adi ya cika kayansa sannu a hankali, mata suna riƙe mashi da bindiga a sahun Sealed Knot, sansanin farar hula kuma, inda ake saƙa da girki da jima, ya sami daraja kusa da ta filin daga. Masu zaman kansu su ma sukan biya kuɗin shekara a wata ƙungiya don samun inshora da damar shiga taro, su ci gaba da bincikensu a gida.

Idan aka auna shekaru 50 da ɗoriya, hukuncin a bayyane yake. Wanda burinsa allura ne ko murhu ko maƙera, yau zai iya yin nisa shi kaɗai, muddin zai riƙa kai aikinsa gaban waɗanda suka fi shi sani su duba. Wanda burinsa sahun mayaƙa ne, da albarushi da ƙarfe a gaban jama'a, ba shi da hanya sai ƙungiya, kuma gara mai tsanani da mai sakaci. Abin da ya kamata ya bincika kafin ya biya kuɗin shiga shi ne inda tsananinta yake sauka. Ƙungiyar da ke tsananta wa yadi da ɗinki da tsaron lafiya, kuma take iya buɗe littafi ko hoton gidan tarihi ta nuna dalilin kowace doka, ta cancanci lokacinsa da kuɗinsa. Wadda ke tsananta wa mutum saboda jinsinsa ko launin fatarsa ko ƙarancin aljihunsa, kuma ba ta da amsa idan an tambaye ta madogara, ya bar ta ya nemi wata.